Tambayoyi da amsoshi kan ciyawa, ƙasa da abincin dabbobi a arewacin Kamaru da Chadi

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa duk shekara daga bakin makiyaya, masu turken raguna da manoma, musamman in rani ya kama dabbobi suka fara zubewa, a kasuwar shanu ta Adumri ko Bogo in ka zauna awa ɗaya sai ka ji rabinsu. Na haɗa su wuri guda tare da abin da bincike ya gano, na sauƙi a gaba masu zurfi a baya.

Wai har ciyawa ma bincike ake yi a kanta? Su wa ke yi a nan wajenmu?

Ana yi ƙwarai, kuma an daɗe ana yi. A Kamaru akwai IRAD, cibiyar binciken noma ta ƙasa wadda aka kafa a 1996 bayan an haɗe cibiyar binciken noma da ta dabbobi, tana da reshe a Marwa da Garwa, sannan ga Wakwa kusa da Ngaundere wadda ita kam tun zamanin Turawa aikinta kenan, shanu da makiyaya. A can ne wani masani Georges Rippstein ya yi shekaru yana bin yadda ciyawar Adamawa ta Kamaru ke sauyawa in an yi kiwo ko an sa wuta, ya kammala rubutunsa a 1985. A Chadi akwai tsohon ɗakin binciken Farcha a Injamena wanda yanzu ake kira IRED, da ITRAD masu kula da ɓangaren noma. Ga kuma PRASAC da ke haɗa masu binciken ƙasashen tsakiyar Afirka, da CIRAD, cibiyar binciken noma ta Faransa, da suke aiki tare da kusan dukkansu.

Abin da suke bi bai wuce abin da makiyayi ke tambayar kansa ba: wace ciyawa ce a wurin nan, nawa ce, me ke cikinta, kuma me zai same ta baɗi in an ci gaba da yadda ake yi. Bambancin kawai su suna aunawa suna rubutawa shekara da shekaru.

Ta yaya mutum zai auna ciyawar daji guda?

Ba duka ake aunawa ba. A ƙarshen damina, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba lokacin da ciyawa ta gama girma, sai a ɗauki wani ƙarfe ko katako mai kusurwa huɗu, mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, a ajiye shi a wurare da yawa cikin filin, a yanke duk abin da ke ciki, a shanya har ya bushe ƙarau sannan a ɗora a sikeli. In mita ɗaya ta ba da giram 150, to hekta ta ba da kilo 1500 kenan. Busasshiya ake lissafi da ita domin ɗanyar ciyawa galibinta ruwa ce, a farkon damina har kashi 80 cikin ɗari na iya zama ruwa. Yanzu kuma ana haɗawa da hoton tauraron ɗan'adam wanda ke nuna inda ƙasa ta yi kore da inda ba ta yi ba, cibiyar AGRHYMET ta Yamai tana fitar da irin wannan bayani don ƙasashen Sahel har da Chadi. Sai dai tauraro kore kawai yake gani, ba ya bambanta gamba da tafasa, shi ya sa dole sai an taka ƙasa.

Hekta nawa saniya ɗaya take buƙata?

Masu bincike suna da ma'auni guda: saniya mai kilo 250, wadda take cin kilo 6 da kwata na busasshen abinci kowace rana. A shekara ya haura tan 2 kenan. To amma ba duk ciyawar da aka auna ce ke shiga cikin dabba ba, gara na ci, ƙafa na tattakewa, iska na kwashewa, wuta ma ta ɗauki nata, don haka a lissafin rani kashi ɗaya cikin uku kawai ake ɗauka. Bari mu yi misali da filin can na kilo 1500: abin ci kilo 500 ne, rani na wata 8 kwana 240 ne, sau kilo 6 da kwata ya zama kilo 1500, kaga saniya ɗaya sai ta samu hekta 3 kafin ta ga ruwan gaba.

Amma dan Allah kar a riƙe wannan lamba a ce ita ce doka. Ngaundere na samun ruwa wajen milimita 1500 a shekara, Garwa wajen 1000, Marwa wajen 800, Kusiri da Injamena tsakanin 500 da 600, kuma a arewa shekarar bana na iya ninka ta bara ko ta zama rabinta. Wannan hawa da sauka shi ne tushen amsar da ke ƙasa kan yawon kiwo.

Ga daji cike da ciyawa har ta fi mutum tsawo, me ya sa shanuna ke ramewa a rani?

Wannan ita ce babbar tambaya a wurina, in mutum ya gane ta ya gane rabin sauran. Saniya ba ita ke narka ciyawa da kanta ba, wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani a cikin tumbinta suke wannan aiki, su kuma sai da furotin suke rayuwa. In furotin ɗin abincin ya sauka ƙasa da kashi 7 cikin ɗari sai aikinsu ya yi sanyi, abinci ya daɗe a tumbi bai narke ba, saniya ta rage ci ko da abincin na gabanta. Sabon toho na farkon damina yana iya kai kashi 12 zuwa sama, amma da zarar ciyawa ta fitar da kai ta yi iri ta bushe a tsaye, sai ta faɗo zuwa kashi 3 ko ma 2. Cikin saniya a cike, jikinta kuma yana cin kansa.

Abin da zai ba ka mamaki, matsalar ta fi tsanani a inda ruwa ya fi yawa. A kudancin Binuwai da Adamawa ciyawa tana yin tsawo sosai amma ɗan sinadarin da ta samu a ƙasa ya rarrabu cikin wannan tulin kara, sai ta zama holoƙo. A arewa wajen Kanem ko Batha ciyawar gajera ce ba yawa amma mai maiƙo. Shi ya sa makiyayan Chadi suke haurawa arewa da damina, ba gudun gonaki da ƙuda da laka kaɗai ba ne, sun san inda saniya ke yin kitse. Maganin rama a rani dai ƙarin furotin ne, duba amsoshin yankan ciyawa, bishiyoyi da turto, wato tunkuzar 'ya'yan auduga da ta rage bayan an matse mai.

Ba rashin ruwan sama ne duk matsalar ba?

A can arewa mai nisa inda ruwa bai kai milimita 300 ba, e ruwa ne. Amma daga nan zuwa kudu yunwar ƙasa ta fi ƙishirwarta. Wani babban bincike da 'yan Mali da 'yan Holan suka yi a yankin Niono, wanda Penning de Vries da Djitèye suka fitar a 1982, ya nuna cewa a irin wannan wuri in ka zuba wa fili naitirojin da fosfaras sai ciyawar ta ninku sau da yawa alhali ruwan saman bai ƙaru da ɗigo ɗaya ba. Ba wai ana nufin a je a watsa angire, wato takin zamani, a daji ba, ba wanda zai iya wannan kuɗi. Abin da ya koya mana shi ne kashin shanu, ganyen da ya ruɓe, da tsirrai dangin wake masu jawo naitirojin daga iska su ajiye a saiwarsu, su ne jarin makiyaya. Fulani da manomi da suka bar al'adar kwanan shanu a gona bayan girbi, dukkansu biyu sun yi asara.

Ina gamba ta tafi? Da can tana ko'ina yanzu sai a bakin gona.

Ciyawa iri biyu ce. Akwai mai shekara ɗaya irin su kyasuwa, ƙarangiya, burburwa, guɗe-guɗe da harkiya, tana tsirowa daga iri ta zubar da iri ta mutu. Akwai mai gindi irin gamba da jema da tofa, wadda samanta ke bushewa amma gindin na nan da rai, ya ajiye abinci a saiwa. Ita gamba amfaninta a bazara yake fitowa, tana toho tun kafin ruwa ya zauna, lokacin da dabba ta fi kowane lokaci buƙata. To in duk tohon da ta fitar ana cinye shi nan take, wata bayan wata, sai ajiyar saiwar ta ƙare gindin ya mutu. Fari na 1973 da na 1984 ya kashe da yawa a arewa, noma ya faɗaɗa ya cinye sauran, abin da ya rage aka taru a kansa.

Alamar fili ya gaji ba wuya: gamba ta ba kyasuwa wuri, kyasuwa ta ba tafasa da garmani da tumfafiya wuri, daga nan sai fako. A kudancin Adamawa wajen Maiganga kuma abin ya bi wata hanya, in ciyawa ta yi ƙaranci wuta ba ta samun abin ci sai ƙananan itatuwa da wani tsiro da ake kira Bokasa su rufe makiyaya, ita Bokasar nan asalinta daga nahiyar Amurka take kuma shanu ba sa cin ta. Gamba tana dawowa in an ba ta hutu damina ɗaya ko biyu ta yi iri, ko a fasa gindinta a dasa a watan Yuli. Ƙarfinta kuwa ba wasa ba ne, an kai ta Ostareliya a shekarun 1930 don kiwo yanzu ta zame musu annoba a arewacin ƙasar, mu kuma nan nemanta muke.

Sa wuta a daji gyara ne ko ɓarna?

Ya danganta da wace ciyawa da kuma wane wata. A inda ciyawa mai gindi take, Adamawa da kudancin Binuwai da kudancin Chadi, wutar wuri wadda ake sa wa a Nuwamba zuwa farkon Disamba ƙasa na da sauran danshi, tana cin tsohon kara sama-sama ta bar gindi ya fitar da toho mai furotin, tana rage kaska, kuma tana hana itatuwa rufe fili. Wutar Maris kuwa zafinta ya wuce kima, tana kashe ƙananan bishiyoyi ta bar ƙasa tsirara ruwan farko ya zo ya wanke ta. A tashar Lamto ta Kodebuwa tun shekarun 1960 suke bin filayen da ake ƙonawa da waɗanda aka kare, wanda aka hana wa wuta gaba ɗaya sannu a hankali kurmi yake komawa.

Amma daga Marwa zuwa arewa inda ciyawar mai shekara ɗaya ce, ni ban ga wani uzuri ba. Ba gindin da zai toho, abin da wuta ta ci ya tafi kenan sai wata damina, abincin wata 7 ko 8 ya tashi a yini ɗaya saboda wani na neman gafiya ko ya yar da guntun taba. Kuma ko a kudu a sani, naitirojin ɗin da ke cikin ciyawa hayaƙi yake bi ya tafi, toka ba ta riƙe shi. Yayre, wato filin da kogin Logon ke malala a kansa, ita ma tana da nata hukuncin, duba amsarta.

Fako ko harde yana gyaruwa?

Yana gyaruwa amma da gumi. Harde ƙasa ce da samanta ya daskare, ruwan sama ba ya shiga sai dai ya bi ta kai ya wuce, iri ma in ya faɗi iska ke ɗauke shi, wasu wuraren kuma akwai gishirin kanwa a ciki da ke ƙara toshe ta. Masu bincike sun yi gwaji a Salak kusa da Marwa, kuma abin da ya fito shi ne duk dabarar da za ta tsayar da ruwa a wurin ita ce farkon magani: ƙananan kunyoyi da ake kewaye fili da su gida-gida, ramuka, rabin wata, sannan a dasa itatuwa masu jure wuya irin ɗakwara da bagaruwa. Akwai kuma hanya mai arha, a shimfiɗa rassa da kara da kashin shanu a kan fakon, gara ta zo ci ta huda ƙasar, rassan su tare iri da ƙurar da iska ta kawo. Sharaɗin dai a tsare wurin daga dabbobi damina biyu zuwa uku, wannan kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne sai da jauro da arɗo da lawan sun yarda.

Ita karal, baƙar lakar nan mai tsagewa da ake dasa masakwa a kanta, da makiyayar damina ce. Yanzu masakwa ta cinye mafi yawanta kuma ana fesa maganin ciyawa kafin dashe, sai dai karan masakwa da ake girbewa wajen Fabrairu abinci ne mai kyau, shi ya sa ya zama abin sayarwa.

Me ya faru da yayre na Logon, kuma me aka koya?

Yayre dai ambaliya ce ranta. Logon ya cika ya malala, ruwa ya kwanta wata da watanni, in ya janye sai ciyawar burgu da shinkafar daji da jema su tsaya kore, shanu daga Kamaru da Najeriya da Nijar su shigo su yi rani. A 1979 aka gina madatsar Maga da ganuwar bakin kogi don noman shinkafar kamfanin SEMRY, fari ya zo ya haɗu da haka, sai babban yanki ya daina samun ruwa, ciyawa mai gindi ta mutu mai shekara ɗaya ta maye, kifi ya ragu, namun dajin Waza ma suka ji a jika. A 1994 aikin Waza-Logon ya sake buɗe wata hanyar ruwa da aka toshe, Paul Scholte da abokan aikinsa suka bi wurin shekara da shekara suna rubuta yadda ciyawa mai gindi take dawowa a hankali makiyaya suna biyo ta.

A yayre wuta bayan janyewar ruwa tana da amfani don ƙasa na riƙe da danshi kuma gindi na nan, amma wannan hukunci bai shafi tudun da ke gefenta ba.

Ba gara a daina yawo a killace shanu kamar na Turawa ba?

An daɗe ana faɗin haka, har aka auna. Breman da de Wit a 1983 sun kwatanta makiyayan Mali masu yawo da manyan gandun shanu na Amurka da Ostareliya masu irin wannan ƙarancin ruwa, aka ga a kowace hekta masu yawon sun fi fitar da furotin, wato nama da nono. Dalili a fili yake, ruwa ba ya sauka daidai a ko'ina, mai tafiya yana bin ciyawa a lokacin da take da maiƙo, mai shinge kuma sai abin da ya faɗo cikin shingensa. Nan gida ma an gwada a Mindif da Mulfuday da kuɗin Amurka a farkon shekarun 1980, aka yanka daji gida-gida da tsarin juyawa, bai ɗore ba bayan aikin ya tashi. A Chadi kuwa aikin Almy Bahaïm da ya fara a tsakiyar shekarun 1990 a gabashin ƙasar ya bi ta wata hanya, rijiyoyi da tafkuna a kan hanya da kafa alamomi a burtali, wato sauƙaƙa tafiyar maimakon hana ta.

Ba ina cewa killacewa ba ta da wuri ba. Mai shanun nono 5 a gefen Ngaundere, mai shanun huɗa, mai turken layya, su kam shuka ciyawa da ajiya ya fi musu. Amma garke 80 a ƙasar milimita 600, in ka toshe masa burtali ka kashe shi.

Yaushe ya kamata in yanki ciyawar ajiya?

Lokacin da ta fara fitar da kai, kafin ta yi iri, a yawancin wurarenmu cikin Satumba ne. Mutane da yawa sai Disamba suke fita da manjagara su tattaro wadda ta bushe a tsaye, wannan cika ciki ce kawai kamar yadda aka yi bayani a amsar ramar shanu. Na san Satumba hannu a cike yake kuma ruwa bai gama ɗaukewa ba, amma ko dami 20 ka samu na lokacin ya fi amalanke guda na Disamba. A yanka da safe bayan raɓa ta tashi, a shanya kwana 2 zuwa 3 ana juyawa, a ɗaure tun tana da sauran launin kore, a ɗora a rumfa ba a ƙasa ba kuma a rufe samanta, rana tana cin ingancinta kamar yadda ruwa ke ci. Harawar wake da ta gyaɗa ma haka, ganyen shi ne abincin, in ka bar ta a kan bishiya ko rufin ɗaki rana na dukanta har ganye ya kakkaɓe to ƙirare ka ajiye. Wadda ta yi fumfuna kuma a zubar, kar a ba dabba.

Da gaske ana zuba takin ure a kara a ba shanu? Ba guba ba ce?

Guba ce in dabba ta ci ta tsagwaronta ko ta sha ruwan da aka jiƙa ta, cikin ɗan lokaci take kashewa. Amma in an bi ƙa'ida tana gyara kara da bambaron shinkafa sosai. Kilo 5 na ure a narka cikin lita 50 na ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na yankakken kara hawa-hawa ana tattakawa a cikin rami ko ɗaki, a rufe ruf da leda ko laka yadda iska ba za ta shiga ba, a bari sati 3. In an buɗe za ka ji wari mai hawa kai kuma karan ya yi laushi ya sauya launi, sai a ɗebi na gobe a baza shi ya sha iska kafin a bayar, a fara da kaɗan har tumbi ya saba. Furotin ɗinsa yana kusan ninkawa kuma dabba ta fi cinye shi. Farar ure zalla ake nufi, ba angiren auduga mai gauraye ba. Kar a ba ɗan maraƙin da bai fara tuƙa ba, kar a ba doki ko jaki.

Wace ciyawa zan shuka, barakariya ko sitilo?

In da hali duka biyu, don aikinsu daban. Barakariya ciyawa ce mai yawan ganye da saiwa mai fasa ƙasa, ta karɓu a Adamawa wajen masu nono, kamfanin auduga na SODECOTON ma ya yaɗa ta a shekarun 2000 cikin tsarin shuka a ƙarƙashin rufin ciyawa, ana sa ta tsakanin layukan masara ko dawa. Sai dai tana da ci, in kana yanka kana kwashewa ba ka mayar da taki ba za ta tsotse gonar. Sitilo kuwa dangin wake ne, furotin ɗinsa na tsayawa har cikin rani kuma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. A yankin Kaduna a shekarun 1980 masu binciken ILCA, cibiyar binciken dabbobi ta Afirka a lokacin, sun gwada killace hekta 4 na sitilo kusa da ruga, ana sakin shanu masu ciki da masu shayarwa a ciki 'yan awoyi kullum da rani. Irinsa na da tauri, ana jiƙa shi a ruwan zafi kafin shuka, kuma a tambayi irin da ke jure cutar ganye don ta taɓa yi wa tsohon iri mummunar ɓarna.

Daga Marwa zuwa arewa ni na fi ba da shawarar wake mai ba da ƙwaya da harawa tare, mutum ya ci dabba ta ci. Kuma kafin ka sayi iri ka fara tunanin shinge da maƙwabta, domin a al'adarmu in an gama girbi gona ta kowa ce, korenka shi kaɗai a watan Janairu zai jawo duk dabbar unguwa.

Bishiyoyi fa, sassabe ganye ba ya kashe su?

A ƙarshen rani ganyen bishiya shi ne kusan kaɗai abu mai furotin da ya rage a daji, shi ke taimaka wa tumbi ya narka busasshen kara. Gawo ya fi kowa, yana da ganye a rani yana zubarwa da damina don haka ba ya tare wa dawa rana, 'ya'yansa kuma abinci ne mai ƙarfi, duk wanda ya ga gonakin Tokombere ya ga shaida. A shekarun 1990 wani aikin raya karkara mai suna DPGT ya riƙa ba manoma ɗan tukuici kan kowane ƙaramin gawo da suka bari a gona ya tashi, aka samu bishiyoyi masu yawan gaske ba tare da an dasa ba. Kawo, madobiya, maɗaci, aduwa, magarya da ƙwaryar kalgo duk suna cikin lissafi. Abin da ke kashe bishiya shi ne a aske ta tas kowace shekara, ba ta samun yin fure balle iri, shi ya sa kawo da madobiya manya kake gani ba ƙanana. A ɗauki wani ɓangare a bar wani, a bar kan bishiyar, a juya shekara-shekara.

Shanuna na tauna ƙashi da leda da tsumma, me ke damunsu? Kanwa ta isa?

Galibi ƙarancin fosfaras ne, ƙasarmu ba ta da shi sosai don haka ciyawar ma ba ta da shi. Kanwa da ruwan lahore na Adamawa, wato maɓuɓɓugai masu kanwa da shanu ke sha, suna ba da gishiri amma ba sa cike wannan giɓi, sai dutsen lasa mai fosfaras a ciki, dusa da turto ma suna taimakawa. A kwashe mushe daga makiyaya domin tauna ƙashinsa na jawo cutar shanyewar jiki mai kisa. Turton auduga kilo 1 a rana ga babbar saniya yana sauya yadda take cin kara, a saya tun Nuwamba kafin ya yi tsada, a fifita masu ciki da masu shayarwa da shanun huɗa. Kar a cika wa ƙananan maruƙa.

Wace ciyawa ce ke kashe dabba a farkon damina?

Gyauron dawa da ƙaramar dawa da fari ya kama suna ɗauke da guba mai kisa da sauri, in ta girma ko an shanya ta sosai gubar na raguwa. Akwai kuma kumburin ciki, dabba ta fito daga yunwar rani ta afka wa ɗanyen ganye mai laushi musamman wata ƙaramar ciyawa mai ganye bibbiyu da masana ke kira Zornia, hagun cikinta ya kumbura har numfashi ya gagara. A fara ba su busasshe da safe kafin a sake su, a jira raɓa ta bushe, a ƙara lokacin kiwo kaɗan-kaɗan cikin sati na farko. Duman rafi ma a kiyaye shi ga tumaki da awaki. In ciki ya riga ya kumbura a nemi ma'aikacin dabbobi nan take.

Ni ba masani ba ne, zan iya gwada wani abu da kaina?

Za ka iya. Ware ɗan fili taku 10 da taku 10 a wurin da kake ganin ya mutu, ka kewaye shi da ƙaya tun farkon damina, a Oktoba ka kwatanta ciki da waje, abin da ya fito a ciki shi ke nuna maka irin da ya rage a ƙasar da kuma ko hutu kaɗai zai isa. Hajiya mai turke kuma ki raba ragunanki biyu, wasu a ba su ciyawar Satumba wasu ta Disamba, sauran abinci iri ɗaya, ki riƙa auna ƙirjinsu da igiya duk sati 2 kina ɗaure alama. In gwajin ƙasa ake so, a ɗebo daga wurare 10 zuwa 15 a gona ɗaya, zurfin santimita 20, a gauraya a shanya a inuwa a ɗauki rabin kilo, a rubuta sunan wuri da abin da aka shuka bara, sannan a tambayi reshen IRAD ko ITRAD mafi kusa ko ma'aikacin gona na yankin inda za a kai da abin da za a biya. Ƙasar jigawa da ta fadama kar a haɗa su a leda ɗaya.